Kalmar da Dawuda Ya Ƙi Faɗa

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Dawuda ya dawo gida da hantsi. A takarda dai zan iya kiran sunan maigidana, tunda ba mai ji. Mutumin da bai taɓa barin kamfani kafin la'asar ba, sai ga shi ya turo babur cikin zaure. Na tsayar da keken ɗinki na ce lafiya? Ya ce lafiya lau, an dakatar da shi. Haka ya faɗe ta, kamar mai cewa an ɗauke wuta. Ya nemi ruwa a buta.

Shi ne shugaban ƙungiyar ma'aikata a kamfanin matse man gyadan nan na bakin titin Kano. Ranar da suka zaɓe shi na ce mashi sun ga mai sanyin hali ne suka ɗora mashi kaya, ya yi ta dariya. Laifinsa wai ranar Alhamis, lokacin hutun sallar azahar, ya tara ma'aikata gindin darbejiya suka yi maganar injin da ba shi da murfi, da maganar Abdulbaƙi, sannan ya kai wa manaja saƙonsu. Manaja ya ce wannan tunzura ma'aikata ne da rashin ɗa'a, ya zauna gida kafin a yanke hukunci. Kowa ya san hukuncin da ake nufi.

Ba zan rubuta abin da injin ya yi wa hannun Abdulbaƙi ba. Na je asibiti na gani.

Talata, 7 ga Oktoba, da safe

Ya sa kayan aiki har ya ɗauki makullin babur, sannan ya tuna. Yanzu yana zaune yana gyara mani keken ɗinkin da lafiyarsa ƙalau.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Zaure ya cika da ma'aikata, takalma har bakin kwata. Na dama kunu na aika, na zauna bayan ƙyaure da ɗinkin hannu, wai ni ba saurare nake ba.

Matasan cikinsu sun ɗauki zafi. Wani na cewa a rufe ƙofar kamfani, wani na cewa a ƙona taya a titi. Dawuda ya bar kowa ya amayar da cikinsa. Wannan halin nasa yana ba ni haushi a gida, sai ka gama faɗa ka gaji yana kallonka, amma yau na ga amfaninsa. Da suka yi shiru ya ce, "Duk wanda ya fasa ko kwan fitila na kamfani, ya ba su abin da suke nema. Gobe kowa ya je aiki a kan lokaci. Ni aka dakatar, ba ƙungiya ba."

Ko ɗaga murya bai yi ba. Ni da nake wanke mashi kaya, na san inda rigarsa ta yage, sai da na aje allurar na saurare shi.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da yamma

Lauyar uwar ƙungiya ta zo daga Katsina, Barista Karima. Na zaci zan ga mai girman kai, sai ga 'yar siririya ta cire takalmi ta zauna kan tabarmata, ta ci ɗanwake har da neman ƙarin yaji.

Ta yi mana bayani a fili. Ta ce doka ta hana a kori ma'aikaci don yana harkar ƙungiya, muddin ba lokacin aiki ya ɗauka ya yi ta ba. In suka kore shi a kan haka, akwai kotun ma'aikata a Kano.

"Shi ya sa ba su ambaci ƙungiya ba, suka ce rashin ɗa'a," in ji ta. "Kuma ba su da shaida. Wuri ɗaya za su same ta, bakinka. Ko da wasa kada ka ce ka yi laifi."

Na kasa riƙe bakina, na ce, "Barista, ko haƙuri ma kada ya ba su?"

Ta ce, "Haƙuri ai ko wanda aka yi wa rasuwa ana ba shi, Maman Ulfa. Amma in ya ce ya tuba, ya amsa laifi ke nan. Ko sun mai da shi yau, ranar da suka ga dama za su kore shi da ita, doka kuwa ba ta kare wanda ya amsa laifi da bakinsa. In aka kayar da shi ta haka, wa zai sake yarda ya shugabanci ƙungiya? Maganar Abdulbaƙi ma ta mutu."

Dawuda ya ce ya ji. Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne, mutumin da ko magana sai an roƙe shi.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan magariba

Mun dawo daga Kusada, garinsu. Labari ya riga mu zuwa.

Baba Malam, mahaifinsa, ya sa aka kira shi zaure, ni ina ciki wurin Inno, surukata, muna ɓarar gyada. Gidan duk dammunan gero, ko wurin aje ƙafa babu. Muryar Baba Malam ba ta buƙatar lasifika, shekara da shekaru yana ba magidanta karatu da ita.

"Mi ya kai ka ja-in-ja da wanda kake ci a hannunshi? Ranar Alhamis za mu tahi, ni da wanka Hamma da liman, mu ba mutumen nan haƙuri. An gama."

Dawuda ya fara cewa, "Baba, lauya ta ce..."

"Lauya ta haife ka?"

"A'a, Baba."

"To."

Ya ce to. Tun da nake ban taɓa jin ya ce wa Baba Malam wani abu ban da to ba. Ko aurena da to ya karɓe shi, ina yi mashi gorin haka har yau. A hanya, daga Kusada har Kankia, 'yarmu Ulfa na tsakiyarmu tana ta ƙirga shanu.

Litinin, 13 ga Oktoba, da hantsi

Tsoro nake ji. Na rubuta, ko zai ragu.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan azahar

Mun ɗan haura sama. Ni na fara. Na ce in manaja ya nemi kalmar nan gaban Baba Malam fa? Na ce kalma ce fa kawai, iska ce, mutane nawa ke faɗinta kullum ba har zuci ba. Na ce ya dubi Ulfa, ya dubi ni. Na faɗi wasu ma da ba sai na rubuta ba.

Ya bar ni na gama, kamar yadda ya saba. Sannan ya ce, "Rauda, in na ce na tuba, na ce ke nan laifi ne a nemi a sa wa inji murfi. Ki je ki faɗa wa matar Abdulbaƙi haka, in kin iya, ni ma sai in iya."

Na tashi na shiga madafi na yi ta buga tukwane. Mutum ya fi ka gaskiya kuma ya ƙi yin fushi, ina za ka sa kanka?

Laraba, 15 ga Oktoba, da yamma

Ya kira Hamma ya roƙe shi ya fahimtar da Baba Malam. Hamma ya ce ya gwada, an kore shi daga zaure.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da safe

Na goge mashi farar shaddarsa. Sun tafi.

Alhamis, bayan la'asar

Ya dawo shi kaɗai. Gwiwar shaddar duk ƙasa. Ya shiga ɗaki ya rufe.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Hamma ya biyo, na tsare shi a zaure na ce ba zai fita ba sai ya faɗa mani. Ya zauna kan buhun masara ya cire hula.

Ya ce manaja ya karɓe su hannu bibbiyu. Ya miƙe wa Baba Malam, ya ba shi kujerarsa, aka kawo lemo. Baba Malam ya yi bayani mai daɗi, ya ba da haƙuri, liman ya ƙara da addu'a. Manaja ya ce albarkacin furfurar Malam ya yafe, gobe ma Dawuda ya dawo aiki. Abu ɗaya ya rage, ya faɗa da bakinsa cewa ya yi laifi, ya tuba. Hamma ya ce sai a lokacin ya lura da sakatare a gefe da biro a hannu, ga waya a kan tebur fuskarta na haske, alamar tana ɗaukar magana.

Baba Malam bai ga komai a ciki ba. A wurinsa haka ake yi tun kaka da kakanni, babba ya kai yaro, yaro ya ce ya tuba, a shafa fatiha, kowa ya tashi da mutuncinsa. Ya ce, "Ka ji. Hwaɗi mu tahi."

Dawuda ya dubi manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da duk abin da ya ɓata maka rai." Sannan ya sauko daga kujera ya durƙusa gaban Baba Malam, ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Wannan ba zan faɗa ba."

"Ni na ce ka hwaɗi."

"Na ji, Baba. Ba zan faɗa ba."

Liman ya hau tari. Baba Malam ya ɗauki sandarsa ya fita. Ko babur ɗin Hamma bai hau ba, ya tsaya bakin titi ya tsayar da mota da kansa.

Hamma ya ce mani, "Rauda, ni ne wanshi, amma wallahi ni ne na tsorata, ba shi ba. Hawaye na zuba mashi har gemu, murya kuwa ko gezau."

Na sallami Hamma, na koma na tsaya ƙofar ɗakin. Ban san ko in yi kuka ko in yi guɗa ba. Na san abin da Baba Malam yake a wurinsa. Da hannunsa aka ce ya sa a injin nan, da ya fi mashi sauƙi.

Asabar, 18 ga Oktoba, da asuba

Ya kira Kusada. Ya bar wayar ta yi ta ƙara har ta katse.

Litinin, 20 ga Oktoba, da asuba

Shiru daga Kusada.

Talata, 21 ga Oktoba, da yamma

Na je suna unguwar gabas. Ina shiga aka yi tsit, sai mai jego da ta ce sannu da zuwa. Wata da na ɗinka wa kayan salla bara ta ce, wai da maƙwabciyarta take, Allah ya raba mu da ɗan da zai kunyata ubansa gaban baƙo. Na ce amin, ya kuma raba mu da ɗinkin da ba a zuwa karɓa. Ban kyauta ba, amma na ji sanyi.

Abin da ke ci mani rai shi ne ba ƙarya suka yi ba. Ya kunyata shi. Kuma daidai ya yi. Na juya abin nan ta ko'ina, duka biyun suna nan, ba wanda ya ture wani.

Laraba, 22 ga Oktoba, da hantsi

Kamfani ya aiko, kwamiti zai zauna Laraba mai zuwa. Barista ta ce ta shirya, in sun kore shi washegari tana Kano. Na tambaye ta shari'a kan daɗe? Ta ce tana daɗewa. Na gode mata da ba ta yi mani ƙarya ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da asuba

Shiru.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan magariba

Ni ina ta lissafin ranar Laraba, shi ashe gyadar Abdulbaƙi ce a ransa. Gonar na Kunduru, ta isa cira, mai ita kuwa ba hali. Dawuda ya kira gayya. Ma'aikatan da ke hutu yau suka tafi tun da sassafe, ni da matan wasu muka bi su da tuwo da fura.

Na same shi a kan gaba, ya naɗe wando, ya yi baƙi ƙirin da ƙasa. Abdulbaƙi na zaune a inuwa, hannun a naɗe a rataye, yana ta cewa a bari haka, a bari haka. Da aka zo cin abinci ya ƙi matsowa, kunya yake ji a ga yadda yake fama da hagu. Dawuda ya ɗauki kwano ɗaya ya kai inuwar, ya juya wa jama'a baya, ya kare shi da jikinsa, suka ci tare yana ba shi labarin ƙwallo.

Na kau da kai na ce hayaƙi ne ya shiga idona. Matar Abdulbaƙi ta ce, ai ba a hura wuta ba, Maman Ulfa.

Litinin, 27 ga Oktoba, da asuba

Ya kira. Inno ce ta ɗauka, da raɗa. Ta ce, "Shina lahiya. Bai ce komi ba. Ka ci abinci dai." Ta kashe.

Ya ci.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Kwamiti ya zauna. Abin da na samu daga bakinsa bai cika cokali ba. An kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce lokacin hutu aka yi taro, kuma ba wanda ya ji zagi. An sake tambayarsa ko yana da abin da zai amsa. Ya ce ya amsa sallama, shi ke nan. Barista na zaune a waje a kan benci inda duk mai shiga sai ya gan ta.

Sun ce za a ji daga gare su.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da rana

Na ɗinka hannun riga a baibai. Na farke, na sake ɗinka shi a baibai.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da yamma

An ce ya koma aiki ranar Litinin.

Ba su ce sun yi kuskure ba, cewa suka yi an janye dakatarwa. Na tambayi Barista a waya me ya sauya. Ta yi dariya ta ce, "Dokar da na karanta ita lauyansu ya karanta. Ya nemi abin da zai riƙe, bai samu ba." An ce masu walda ma sun shiga wurin injin za su sa mashi murfi, kuma za a zauna kan maganar Abdulbaƙi da ƙungiya.

Ma'aikata suka cika layinmu da hon ɗin babura. Na yi guɗar da na riƙe tun ranar nan, har Ulfa ta tsorata. Shi kuwa ya fito ya yi masu godiya, ya ce a je a yi magariba. Yanzu yana zaune bakin gado da waya a hannu, kamar mai zaman makoki.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da safe

Ya ce gobe za shi Kusada, ko za a kore shi da sanda. Na ce ƙafata ƙafarka.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Ya tafi aiki. Bari in rubuta na jiya tun ban manta ko kalma ɗaya ba.

Mun isa bayan la'asar, Baba Malam na tsakiyar ba da karatu a ƙofar gida, magidanta sun kewaye shi. Na wuce ciki. Dawuda ya cire takalmi ya durƙusa can bakin tabarma. Baba Malam ko ɗaga kai bai yi ba, ya ci gaba da fassara. Ni da Inno muna zaure bayan asabari, ta riƙe mani hannu har sai da ya yi zafi.

Haka ya zauna a durƙushe har rana ta yi ja. Da aka shafa fatiha, ba wanda ya tashi, kowa na jiran ya ga ƙarshe. Dawuda ya matsa gaba da gwiwa.

"Baba, na tuba."

Baba Malam ya rufe littafi a hankali. "Kan wane laihi?"

Dawuda ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nike. Yaron da injin ya ci, ka je ka cire mashi gyada, Hamma ya hwaɗa mani. Shi ne laihin?"

"A'a, Baba."

"Da ka bi maganata rannan, da yanzu wa zai tsaya mashi?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"To kalmar da ka hana manaja don ba gaskiya ba ce, ita za ka kawo mani gida? Ni na fi shi arha?"

Wani dattijo ya ce, Allah ya gafarta Malam, a yi haƙuri. Baba Malam ya ce, "Haƙuri na yi shi tuni. Kunya ce ban gama ji ba, kuma ba shi ya ba ni ita ba, ni na jawo wa kaina."

Ana haka ladan ya kira magariba. Aka yi alwala, aka shimfiɗa tabarmi a nan ƙofar gida kamar kullum, aka ta da iƙama. Kowa na jiran Baba Malam ya shiga gaba. Tun kafin a haifi Dawuda ba wanda ya taɓa jan salla a wurin nan in yana gari, sai shi. Sai ya juya, ya bi sahu da ido har ƙarshe, inda Dawuda ya raɓe.

"Dawuda. Shiga gaba."

"Baba..."

"Wannan ma ba za ka yi ba?"

Ya ce to.

Ni da Inno muka bi daga zaure. Muryar da Hamma ya ce ko gezau ba ta yi ba gaban manaja, jiya ta kasa fita daga Fatiha sai da ƙyar. Da ya kai ƙarshe, amin ɗin Baba Malam ta fi ta kowa ƙarfi, daga bayansa.